Chester Williams: Daga Zama Alama Zuwa Zama Malami

Gabatarwa

A cikin shekarar 1976 'yan wasan Nijeriya suka isa birnin Montreal na ƙasar Kanada domin shiga wasannin Olamfik, amma sai aka umurce su da su tattara kayansu su komo gida. Ba su kaɗai ba ne, ƙasashen Afirka fiye da 20 ne suka janye. Abin da ya jawo haka kuwa wani wasa ne wanda yawancin mutanen ƙasar nan ba su taɓa gani da idonsu ba, watau zari-ruga. A wannan shekara ƙungiyar zari-ruga ta Niyu Zilan ta tafi yin wasa Afirka ta Kudu, jim kaɗan bayan 'yan sandan gwamnatin wariyar launin fata sun buɗe wa 'yan makaranta wuta a Soweto, hukumar Olamfik kuma ta ƙi fitar da Niyu Zilan daga gasar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu irin nauyin da wasan yake da shi a siyasar Afirka ta Kudu.

Wannan maƙala za ta dubi rayuwar ɗaya daga cikin 'yan wasan ƙasar, Chester Williams, wanda ya buga wa ƙungiyar ƙasarsa daga 1993 zuwa 2000, sa'an nan ya shafe kusan shekara 18 yana horar da wasu. Duniya ta san shi ne da gasar 1995, inda shi kaɗai ne ba Bature ba a cikin ƙungiyar da ta ci kofi. To amma in aka bi shekarunsa ɗaya bayan ɗaya, za a ga cewa aikin da ya fi amfanar mutanensa ya yi shi ne bayan masu ɗaukar hoto sun watse. Abin da maƙalar ke son nunawa ke nan.

Yadda Wasan Yake

Tun da wasan baƙo ne a ƙasar Hausa, ya kamata a ɗan bayyana shi. Sunansa na asali ya samo shi daga wata makaranta da ke garin Rugby a Ingila, inda aka faro shi a ƙarni na 19. 'Yan jaridar Hausa suka raɗa masa zari-ruga, sunan kuwa ya dace, domin ɗan wasa zarar ƙwallo yake yi da hannu ya ruga da ita. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, ana kuma yin minti 80. Ƙwallon siffar ƙwai gare ta. Babbar dokar wasan ita ce ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo gaba, sai dai baya ko gefe. Wanda ke son ta ci gaba, sai ya rungume ta ya kutsa, ko kuwa ya buga ta da ƙafa, abokan hamayya kuma an yarje musu su kama shi su kayar. Wanda ya kai ta bayan layin ƙarshe na abokan hamayya ya dire ta ƙasa ya ci maki 5. Bugun da ke biyo bayan direwa, in ya ratsa tsakanin dogayen sanduna biyu, maki 2 ne, bugun tara kuma maki 3.

An kasa 'yan wasan gida biyu. Takwas ƙarfafa ne, su ke turereniya da kokawar ƙwato ƙwallo, sauran bakwai kuma masu gudu ne. A cikin bakwai ɗin akwai biyu da ake ajiyewa a gefen fili, ɗaya dama ɗaya hagu. Ɗan gefe shi ne na ƙarshe a jerin miƙo. Yakan daɗe yana jira ƙwallo ba ta zo masa ba, ran da ta zo kuwa, wahalar mutum 14 ce aka damƙa masa a hannu. Riga mai lamba 11 ita ce ta ɗan gefen hagu, ita ce kuma rigar Chester Williams. Mai karatu ya riƙe wannan lamba, domin za a komo kanta.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Williams ranar 8 ga Agusta, 1970, a garin Paarl, ƙasar gonakin inabi mai nisan kimanin kilomita 60 daga Cape Town. Tun 1950 wata doka ta kasa mutanen Afirka ta Kudu bisa launin fata, kuma rukunin da aka rubuta mutum a ciki shi ke yanke unguwar da zai zauna, da makarantar da zai shiga, da filin da zai yi wasa. Iyalin Williams suna cikin rukunin masu ruwa biyu, watau waɗanda asalinsu ya haɗa Turawa da mutanen ƙasa da kuma bayin da aka kawo daga gabas. Yawancinsu harshen Afirkans suke yi, harshen masu mulkin, amma wannan bai sa an zauna da su inuwa ɗaya ba.

Akwai masu zaton zari-ruga wasan Turawa ne zalla a ƙasar, alhali kuwa baƙaƙe da masu ruwa biyu na lardunan Cape suna yin sa tun ƙarshen ƙarni na 19, da ƙungiyoyinsu da gasanninsu. Abin da aka hana su shi ne ƙungiyar ƙasa, wadda ake kira Springbok, sunan wata irin barewa ta kudancin Afirka. Koriyar rigarta ta zama tutar Turawan Afirkans, har ya zamana idan baƙuwar ƙungiya ta zo wasa, baƙaƙen da aka keɓe wa wani lungun fili baƙin suke goya wa baya.

Mutum na farko da ba Bature ba da ya sa wannan riga shi ne Errol Tobias, a 1981. Na biyu shi ne Avril Williams, a 1984, a karawa da Ingila, shi kuwa baffan Chester ne. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai mutanen nan biyu sun sha suka daga nasu, domin masu yaƙi da wariya suna ganin an yi ado da su ne kawai don a rufe bakin duniya. Chester yana da shekara 13 lokacin da baffansa ya sa rigar, saboda haka tun yana yaro ya ga daɗin abin da kuma ɗacinsa.

Sa'ar da ya taka ita ce tasowarsa ta zo daidai da juyin zamani. An sako Nelson Mandela a 1990. A 1991 Williams ya fara buga wa lardin Western Province. A 1992 hukumomin wasan da ke rarrabe bisa launin fata suka haɗe wuri ɗaya, aka kuma sake karɓar ƙasar cikin wasannin duniya, bayan an hana ta shiga Gasar Cin Kofin Duniya ta 1987 da ta 1991. A watan Nuwamba na 1993 ya fara buga wa Springbok, a karawa da Ajantina a Buenos Aires, kuma a ranar ya dire ƙwallo. A 1994 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan shekara na ƙasar baki ɗaya. Ya kamata a lura da wannan da kyau: tun kafin a fara kallonsa a matsayin alamar wani abu, masana wasan sun riga sun yarda babu wanda ya fi shi a wannan shekara. Ba dogo ba ne, ba kuma ƙato ba, amma yana da saurin tashi, ba ya tsoron kayar da wanda ya fi shi jiki, kuma ba ya tsayawa a gefe yana jiran tsammani, yakan shigo tsakiya ya nemi ƙwallo da kansa.

Shekarar 1995

Afirka ta Kudu ce ta karɓi baƙuncin Gasar Cin Kofin Duniya ta 1995, shekara guda bayan zaɓen da ya kawo Mandela kan mulki. Mandela ya ga cewa in yana son Turawan ƙasar su saki jiki da sabuwar gwamnati, to sai ya kama su ta inda zuciyarsu take, don haka ya rungumi ƙungiyar da mutanensa suka daɗe suna ƙi. Amma a ce wa baƙar fata ya goyi bayan Turawa 15 abu ne mai wuyar haɗiyewa. Ana bukatar fuska guda da za a nuna masa, fuskar kuwa ita ce ta Williams. Hotonsa ya cika allunan talla, kamfanin jiragen saman ƙasar ma da shi ya yi tallarsa.

Ana gab da farawa sai jijiyar bayan cinyarsa ta motsa, aka cire shi daga cikin ƙungiyar, aka sa Pieter Hendriks a madadinsa. Ashe rabo na nan yana jira. A wasan da suka yi da Kanada a Port Elizabeth faɗa ya kaure a fili, aka dakatar da Hendriks daga sauran gasar, Williams kuma ya riga ya warke, sai aka maido shi. Wasansa na farko shi ne na kusa da na kusa da ƙarshe, da Samowa ta Yamma, a filin Ellis Park na Johannesburg. Ya dire ƙwallo sau 4, aka tashi 42 da 14. Suka wuce Faransa a Durban cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, 19 da 15. Ranar 24 ga Yuni suka haɗu da Niyu Zilan, wadda ke da Jonah Lomu, ƙaton da ya tattake Ingila mako guda kafin nan. Babu wanda ya dire ƙwallo a ranar. Sai da aka yi ƙarin lokaci Joel Stransky ya buga wadda ta raba gardama, aka tashi 15 da 12. Mandela ya shigo fili sanye da koriyar riga mai lamba 6, irin ta kyaftin Francois Pienaar, ya miƙa masa kofi.

Wannan shi ne labarin da duniya ta riƙe, har aka yi fim a kansa a 2009, mai suna Invictus, wanda Williams kansa ya taimaka wajen koya wa 'yan fim ɗin wasan. Labarin gaskiya ne, babu mai musun haka. Amma akwai abin dubawa a cikinsa. Mutumin da aka mayar alama an ɗora masa kayan da ba a ɗora wa sauran ba. Idan Bature ya saki ƙwallo, shi ne ya saki. Idan Williams ya saki, sai a ce ga irinta nan, dama ba su iya ba. Idan kuma ya yi bajinta, sai a ɗauke ta a ba ƙasa, a ce ga shaidar an daidaita. Ta kowace fuska dai, ɗan wasan da ke cikin rigar ba shi ake gani ba. Saurayi ne mai shekara 24, wanda ya zo yin gudu da ƙwallo, aka ce masa ya ɗauki sulhun mutum miliyan 40 a kafaɗa.

Bayan An Watse

Wata biyu bayan gasar, a Agusta 1995, hukumar wasan ta duniya ta yarda a riƙa biyan 'yan wasa albashi a fili, bayan fiye da shekara 100 ana cewa wasan na sha'awa ne kawai. Williams yana cikin sahun farko na waɗanda zari-ruga ya zama sana'arsu. Sai dai bai mori farkon wannan zamani ba, domin ya ji mummunan rauni a gwiwa a 1996, ya kuma sake jin wani a 1997. Ga mai gudu, gwiwa ita ce jari. Duk da haka ya komo ƙungiyar ƙasa a 1998. Ya bar Western Province ya koma Johannesburg, inda ya buga wa Golden Lions da kuma Cats. Ba a tafi da shi Gasar Cin Kofin Duniya ta 1999 ba. Wasansa na ƙarshe ga ƙasarsa ya yi shi a 2000, ya tashi da wasa 27 da direwa 14.

A 2002 aka buga littafin tarihin rayuwarsa, wanda ɗan jarida Mark Keohane ya rubuta tare da shi. A nan ne ya amayar da abin da ya daɗe yana cin sa. Ya bayyana cewa tun yana buga wasannin larduna ake jifansa da sunayen wulaƙanci na launin fata a cikin fili, har daga bakin wanda daga baya suka sa koriyar riga tare. Ya nuna cewa haɗin kan da aka yi ta talla a 1995 bai yi nisa ba bayan an gama biki. Ya kuma koka da yadda, bayan da aka fito da tsarin ware wa baƙaƙe gurabe a ƙungiyoyi, aka koma kallonsa a matsayin mai cika lissafi, shi da aka zaɓa gwarzon shekara tun kafin a san da tsarin.

Maganar ta tayar da ƙura. Waɗansu suka ce ya ɓata kyakkyawan tarihi, waɗansu kuma suka ce me ya hana shi faɗa tun a lokacin. Tambaya ta biyun ita ce mai nauyi. Da ya buɗe baki a 1995, da ya ba masu ƙin sulhu na kowane ɓangare makami, da kuma wataƙila an rufe ƙofar da aka fara buɗewa, domin shi kaɗai ne a bakinta. Ya yi shiru lokacin da shirun ke da amfani ga na bayansa, ya yi magana lokacin da ci gaba da shirun zai sa a ɗauka an gama aiki. Mai yiwuwa wani ya ga lissafin bai fita ba, amma wanda bai taɓa zama shi kaɗai a cikin ɗaki ba, ya kamata ya yi hattara wajen yanke hukunci. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shekarun Horarwa

Da ya ajiye wasa bai nemi kujerar sharhi a talabijin ya zauna yana cin tsohon suna ba. Ya shiga horarwa tun 2001. Aka ba shi ƙungiyar ƙasa ta zari-ruga na mutum bakwai-bakwai, wani gajeren nau'in wasan mai tsananin gudu, wanda ake yi a fili ɗaya da na mutum 15. Da ita ya samo lambar tagulla a wasannin ƙasashe renon Ingila da aka yi a Manchester a 2002. Wannan farawa ce mai kyau, ta kuma sa aka fara ambatonsa cikin waɗanda wata rana za su iya riƙe Springbok.

Daga nan ya karɓi Cats a 2004, a gasar da ta haɗa manyan ƙungiyoyi 12 na Afirka ta Kudu da Ostireliya da Niyu Zilan. A nan tafiyar ta yi tsami. Ƙungiyar ta yi ta shan kashi, a 2005 aka sallame shi. Adalci ya sa a faɗi abu biyu. Na farko, sakamakonsa bai yi kyau ba, kuma iya wasa daban, iya koyar da shi daban. Ɗan gefe ya saba da duba gabansa shi kaɗai, mai horarwa kuwa sai ya san abin da ke cikin kan mutum 30, ya san wanda ake lallashi da wanda ake tsawata wa. Na biyu, ƙungiyar da aka ba shi tun 2002 take can ƙasan jeri. An miƙa masa jirgin da ya riga ya huje, kuma bai kai shekara biyu cikakku a kansa ba.

Bayan wannan sai ya zama matafiyi. Ya horar da ƙungiyar ƙasar Yuganda a 2006, daga baya ya yi aiki da ta Tunisiya. Da aka tashi naɗa sabon mai horar da Springbok bayan gasar 2007, sunansa yana cikin huɗun da aka tace, tare da Peter de Villiers da Heyneke Meyer da Allister Coetzee. A Janairu 2008 aka ba De Villiers, wanda ya zama na farko da ba Bature ba a wannan muƙami, shi ma kuma ɗan garin Paarl ne. Sauran biyun duk sun riƙe muƙamin daga baya. Williams kaɗai ne a cikin huɗun bai taɓa samu ba. Ya tafi Romaniya, inda ya horar da ƙungiyar birnin Timisoara, ta kuma ci gasar ƙasar.

Wanda ya kalli wannan jeri da idon 'yan jarida zai ce gangara ce: daga Ellis Park zuwa Kampala, daga Kampala zuwa wani birni a gabashin Turai. Amma akwai wata hanyar kallonsa. A waɗannan wurare babu wanda yake bukatar fuskarsa don talla. Ɗan wasan Romaniya ba ruwansa da sulhun Afirka ta Kudu, abin da yake so shi ne a nuna masa inda zai tsaya da lokacin da zai miƙa ƙwallo. A can ne aka auna Williams da aikinsa kaɗai, ma'aunin da ya daɗe yana nema a gida. A can ne kuma ya koyi yin aiki da kaɗan, ba kuɗi mai yawa, ba fitattun 'yan wasa, sai haƙuri da maimaitawa. Wannan ilmi shi ne guzurin da ya komo da shi.

Komawa Gida

Aikinsa na ƙarshe shi ne horar da ƙungiyar Jami'ar Western Cape da ke Bellville, kusa da Cape Town. Tarihin jami'ar kansa abin lura ne. Gwamnatin wariya ce ta kafa ta a 1960 domin masu ruwa biyu kaɗai, don kada su shiga jami'o'in Turawa, amma daga baya ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyin yaƙi da wariyar. Ba ta da nisa da Jami'ar Stellenbosch, wadda ta fi ƙarni guda tana samar wa Springbok 'yan wasa. Tazarar da ke tsakaninsu a kan hanya kaɗan ce, amma ta fuskar filaye da kayan aiki da gatanci, sama da ƙasa ne.

Gasar zari-ruga ta jami'o'in ƙasar hawa biyu ce. Akwai babba, wadda aka fara a 2008, ana nuna ta a talabijin, a nan kuma manyan ƙungiyoyi ke zuwa farautar matasa. Akwai ƙarama a ƙarƙashinta. Williams ya tarar da jami'arsa a ƙaramar. A 2017 suka cinye ta, a 2019 kuma suka shiga babbar, suka zama jami'a ta farko daga cikin waɗanda aka kafa domin waɗanda ba Turawa ba da ta kai wannan matsayi. Ba su yi fice a shekararsu ta farko ba, amma ma'anar abin ta wuce lissafin maki. Yaron da iyayensa ba su da halin kai shi ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun gata, yanzu ya sami filin da za a gan shi, yana kuma karatun digirinsa.

A nan ne bambancin alama da malami ya fito sarai. Alama tana nuna wa yaro cewa abin mai yiwuwa ne, daga nan aikinta ya ƙare. Malami shi ke tsayawa da yaron kullum da yamma, ya gyara masa riƙon ƙwallo sau ɗari, ya san ranar da bai ci abinci ba. A cikin waɗanda suka bi ta ƙungiyar jami'ar a zamaninsa akwai Herschel Jantjies da Kurt-Lee Arendse. Arendse ɗan Paarl ne kamar malaminsa, ɗan gefe ne kamarsa, kuma shi ma ƙaramin jiki gare shi, irin wanda masu zaɓe sukan raina.

Kammalawa

Williams ya rasu ranar 6 ga Satumba, 2019, a Cape Town, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 49. Saura mako biyu ke nan a fara Gasar Cin Kofin Duniya a Japan. Ranar 2 ga Nuwamba, a Yokohama, Afirka ta Kudu ta doke Ingila 32 da 12, wanda ya ɗaga kofin kuwa shi ne Siya Kolisi, baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗin Springbok. Herschel Jantjies yana cikin waɗanda suka shiga fili a ranar.

Yanzu sai a komo kan riga mai lamba 11. Sau 4 ƙasar ta ci wannan kofi. A wasan ƙarshe na 1995 Williams ne ya sa ta. A na 2007 Bryan Habana ne. A na 2019 Makazole Mapimpi ne, wanda ya zama ɗan Afirka ta Kudu na farko da ya dire ƙwallo a wasan ƙarshe na gasar. A na 2023, a Paris, inda suka doke Niyu Zilan 12 da 11, Cheslin Kolbe ne ya sa ta, ɗaya gefen kuma Kurt-Lee Arendse ke tsaye. Babu Bature ko ɗaya a cikin mutanen nan biyar, kuma da wuya a sami mai hankalin da zai ce an sa Habana ko Kolbe ne don cika lissafi.

Kuskure ne a jingina duk wannan ga mutum guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma har yanzu da sauran aiki, domin yawancin masu kai wa ga koriyar riga ta tsirarun makarantun gata suke bi. Kolisi kansa sai da ya sami tallafin karatu ya bar unguwar Zwide zuwa ɗaya daga cikinsu kafin a san da shi. Wannan shi ne ya sa aikin da Williams ya yi a Bellville ya fi nauyi a kan direwarsa 4 ta Ellis Park, ko da yake ita ce aka fi tunawa. A 1995 an buɗe ƙofa ne daidai faɗin mutum ɗaya. A jami'ar kuwa hanya ya shiga sharewa, wadda talaka zai bi ba sai an tsamo shi daga cikin nasa ba.

Darasin bai tsaya ga filin wasa ba. Duk inda aka daɗe ana ware waɗansu, ko a makaranta ko a ma'aikata, ran da aka tashi gyara akan nemo mutum guda a sa shi gaba a yi ta nuna shi. Wanda ya sami kansa a wannan matsayi yana iya zama a kai har tsufa, ana gayyatarsa biki yana ba da labarin jiya. Yana kuma iya sauka ya koma inda yara suke. Williams ya zaɓi na biyun, ya sha sallama da yawon ƙasashe a kansa, bai kuma kai ga babban muƙamin da ya nema ba. Amma sa'ad da ya rasu ya bar ɗalibai a fili, biyu daga cikinsu kuma sun riƙe kofin da ya riƙe a 1995.